Wasan da ya tashi daga kan tebur ya koma waya

Akwai abin da yawancinmu muka sha son yi muna yara amma ba a ba mu dama ba. Kaka tana tsakiyar tatsuniya da daddare, kwaɗayi ya ja Gizo ya kama hanyar da kowa ya san ba za ta ɓulle ba, kai kuma kana zaune a gefen tabarma kamar ka miƙe ka ce masa ya koma gida wurin Ƙoƙi. Ina! Labari na mai ba da shi ne, kai naka sauraro, in ka cika katsalandan ma a kore ka ka je ka kwanta.

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa da ya ba mai sauraro wannan damar. Sunan wasan Dungeons & Dragons, masu yin sa kan taƙaita su ce D&D. A wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lake Geneva da ke jihar Wiskonsin aka fara fitar da shi, 'yan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000 kacal. Yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma a bayansa an samu ɗaruruwan wasanni irinsa. Akwai Traveller na 1977 mai labarin tafiya sararin samaniya, akwai Call of Cthulhu na 1981 mai labarin bincike da ban tsoro, akwai Pathfinder na 2009. Mu a wannan shafi za mu kira su wasannin labari na kan tebur.

Wasu daga cikinku sun taɓa ganin wasan ba tare da sun san sunansa ba. Shi ne yaran nan na shirin Stranger Things, wanda Netflix ta fara nunawa a 2016, suke yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tun a farkon shirin. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan makon shi ne, wasan da a da sai an haɗu a ɗaki ɗaya yanzu ya koma intanet. Komawar tasa kuwa ta sa ɗalibin da ke Gusau ko Maraɗi, wanda bai taɓa ganin kantin da ake sayar da kayan wasan ba, zai iya yin sa da wayar da ke aljihunsa.

Yaya ake yin sa?

Ku cire wasan bidiyo daga ranku tukuna. Nan babu maɓallin dannawa, babu kuma mai cin wani. Mutum huɗu ne ko biyar ko shida za su zauna. Ɗaya shi ne jagora, wanda a D&D ake ce wa Dungeon Master. Shi ke riƙe da duniyar labarin. Shi zai faɗi abin da ake gani da abin da ake ji, shi ne kuma bakin duk wani sarki ko ɓarawo ko 'yar kasuwa da za a ci karo da su. Sauran kuwa kowa zai ƙirƙiri tauraro guda nasa, ya raɗa masa suna, ya ba shi asali da hali, sannan ya rubuta baiwarsa a takarda cikin lambobi. A D&D baiwar shida ce: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, lura, da kwarjini.

Mu ɗauki misali daga tarihinmu. Ayarin fatake ne ya taso daga Kano zai tafi Gwanja sayen goro, kamar yadda aka yi ta yi a ƙarni na 19. Ɗan wasa ɗaya shi ne madugu, ɗaya jagaba mai sanin hanya, ɗaya malamin ayari mai rubutu da lissafi, ɗaya kuma yarinya ce mai dafa abinci da ta biyo ayarin tana cigiyar yayanta da ya tafi bara bai dawo ba. Jagora ya ce: "Kun iso bakin Kwara, rana ta kusa faɗuwa. Mai fito ya ninka kuɗin da ya karɓa bara, ga kuma wata ƙura ta taso a bayanku. Me za ku yi?"

Wannan tambayar, me za ku yi, a kanta wasan duka ya tsaya. Madugu na iya cewa zai nemi ragi wurin mai fito. Jagaba ya ce shi zai bi gaɓa ya nemo mashigi. Yarinyar ta ce za ta hau bishiya ta hango masu tayar da ƙurar. Babu amsar da aka riga aka rubuta, shi kansa jagoran bai san abin da za su zaɓa ba.

In abin da mutum ya ce zai yi yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙi, sai a jefa ɗan lido. Amma ba mai fuska shida kaɗai ake amfani da shi ba. Akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, sai babbansu mai fuska 20. A ce jagora ya yanke cewa shawo kan mai fito na buƙatar 15, madugu kuma yana da ƙarin 3 saboda kwarjininsa. Ke nan sai ya jefa 12 ko sama da haka. Fuska 9 ke nan cikin 20, wato kashi 45 cikin 100. In malamin ayari ya sa masa baki, dokar D&D ta ba shi damar jefawa sau biyu ya ɗauki lambar da ta fi girma, sai damarsa ta haura kusan kashi 70. 'Yan aji biyar da shida na sakandare, ku gwada da biro ku gani: damar faɗuwa sau ɗaya 0.55 ce, ta faɗuwa sau biyu a jere 0.55 sau 0.55, wato 0.3025, sai ku cire ta daga 1. Lissafin nan ne dai na yiwuwar aukuwar abu da ke fitowa a jarrabawar WAEC, sai dai a nan ayari guda ne ke jiran amsar.

In madugu ya ci, ayari ya haye. In ya faɗi, labari bai ƙare ba, hanya kawai ya sauya, kuma sau da yawa faɗuwar ta fi daɗin ba da labari.

Shiga rigar wani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya san wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, ko kalankuwa inda samari ke raba wa juna muƙamai bayan kaka, ko ma tashe da azumi, ya san rabin abin. Bambancin shi ne a nan babu 'yan kallo, kuma akwai doka da lissafi.

Teburin ne matsalar

Masu wasan a Amurka da Turai suna da wani barkwanci, wai a duk dodannin da ke cikin littattafan babu wanda ya kai tsayar da ranar haɗuwa kashe wasa. Gaskiyarsu. Zama ɗaya kan ci awa uku zuwa huɗu, labari ɗaya kuma kan ɗauki watanni, wani ma shekaru. Sai mutum biyar sun samu lokaci ɗaya da ɗaki ɗaya, mako bayan mako. Da zarar wannan ya samu aiki a wani gari, wancan ya yi aure, shi ke nan, labari ya tsaya a tsakiyar daji.

Haka ta kusa faruwa da wasu abokai uku, Riley Dutton da Nolan Jones da Richard Zayas, waɗanda suka yi zaman ɗaki ɗaya a jami'a a Amurka. Bayan sun gama karatu kowa ya kama gabansa zuwa wani birni. Don kada wasansu ya mutu, sai suka haɗa wani shafin intanet da zai zame musu tebur. Jagora ya shimfiɗa taswira, kowa ya gan ta a allon kwamfutarsa, ya ja ɗan hoton tauraronsa zuwa inda yake so, in an jefa ɗan lido kowa ya ga lambar a lokaci guda. Da suka ga abin ya yi, sai suka nemi tallafin jama'a ta Kickstarter, suka buɗe shi ga kowa a 2012 da sunan Roll20.

Ba su ne na farko ba. Fantasy Grounds ta riga su tun 2004, kuma tun kafin intanet akwai masu yin irin waɗannan wasanni ta wasiƙa, a aika mataki ɗaya a jira amsa mako biyu. Amma daga nan ne abin ya bunƙasa. Discord, manhajar hira da murya da rubutu, ta fito a 2015. A shekarar ce kuma wasu masu ɗora murya a katun da wasannin bidiyo, ƙarƙashin jagorancin Matthew Mercer, suka fara nuna wasansu kai tsaye da sunan Critical Role, mutane suka riƙa zama awa huɗu suna kallon wasu na jefa ɗan lido. Da suka nemi tallafi a 2019 don mayar da labarin katun, sai da suka tara sama da dala miliyan 11.

Sai ga korona. A watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu a nan ma, tebura suka watse a duniya baki ɗaya, kowa ya koma allo. Roll20 ta ce masu amfani da ita sun tashi daga miliyan 5 zuwa miliyan 10 cikin kimanin shekara biyu. A 2022 kamfanin Hasbro, wanda D&D ke hannunsa a yanzu, ya biya dala miliyan 146.3 ya sayi D&D Beyond, shafin da ke ajiye wa 'yan wasa dokoki da takardun taurarinsu. Kamfani ba ya zuba irin wannan kuɗi a abin da yake ganin na ɗan lokaci ne. An ɗage dokar kulle, amma da yawa ba su koma teburin katako ba.

Zumunci mai abin yi

Mu a ganinmu babbar fa'idar ita ce wadda ta sa waɗancan abokai uku suka fara. Kowa ya san abin da ke faruwa bayan an gama aji shida. Wannan ya samu Zariya, wancan Sakkwato, wata an tura ta Maiduguri, wani ya tsaya kasuwa wurin babansa, wani ya haye Masar ko Indiya. A buɗe zauren WhatsApp na 'yan aji, watan farko ba a barci don hira. Bayan shekara ɗaya kuwa in ka leƙa, ba abin da za ka gani sai barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Ba faɗa aka yi ba. Abin da ya haɗa mutane ne, wato aji da ɗakin kwana da layin abinci, ya ƙare, gaisuwa kaɗai kuma ba ta riƙe abota.

Wasan labari yana ba abokai abin yi tare. Ranar Asabar bayan Isha'i kowa ya san ana jiransa, domin in jagaba bai zo ba ayari ba zai san hanya ba.

Mun gwada da kanmu a dogon hutun da ya wuce, mu biyar a garuruwa uku, da labarin fataken nan da muka kawo misali. Ba mu yi amfani da taswirar allo ba, kiran murya kawai muka yi a WhatsApp, jagoranmu ya zana hanya a takarda ya ɗauki hoto ya tura. Zaman farko kunya ta hana kowa sakewa, mai riƙe da madugu sai cewa yake "to, ku me kuka gani?" A zama na uku kuwa sai da jagora ya riƙa raba faɗa, saboda malamin ayari ya gano jagaba ya karɓi toshiyar baki a wani zango. Ɗayanmu sabis ɗin garinsu ba shi da tabbas, don haka muka yi yarjejeniya: duk lokacin da layinsa ya katse, tauraronsa ya tafi neman jakin da ya ɓalle ne. Kafin hutu ya ƙare jakin nan ya fi kowa suna a labarin.

Nisa ma ba ta cika damun yankinmu ba ta fuskar agogo. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya ne. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Ɗan uwan da ke zango a Kumasi da wanda ke karatu a Madina duk za su iya zama teburi ɗaya da na Kano ba tare da wani ya hana idonsa barci ba.

Sai batun aljihu. Manyan littattafan D&D uku ne, kowanne kusan dala 50 a Amurka, wato dala 150 kafin a yi maganar kuɗin aikowa. Ku buga da canjin yau ku gani. A intanet kuwa kamfanin ya saki taƙaitattun dokokin kyauta tun 2014, kuma sun isa a yi wasa na watanni. Wani abin da ya fi jan hankalinmu ya faru ne a watan Janairun 2023. Bayan wata taƙaddama da masu wasan, kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Ma'anar haka, kowa na da izinin kwafar wannan kaso, ya gyara, ya fassara, in dai ya ambaci mai shi. Ƙungiyar Hausa ta kowace makaranta za ta iya zama ta mayar da shi Hausa, babu wanda zai tuhume ta. Ɗan lidon ma ba sai an saya ba: akwai na gwaji a Google, Telegram na da mai fuska shida, a Discord kuma akwai Avrae da ke jefawa ta yi lissafi nan take. Ko da yake mu shawararmu ku bar ta ta jefa, ku ku yi tarawar da kanku, kada ta cinye muku ladan lissafin.

Akwai kuma waɗanda ko da tebur yana bayan gidansu ba za su iya zuwa ba. Yarinyar da ba a barin ta fita bayan Magariba, ɗalibin da ke kan keken guragu a unguwar da kwata ta raba hanya, da mai in'ina da ke jin nauyin magana cikin mutane. Ga waɗannan akwai salon da ake yi da rubutu zalla. Jagora ya rubuta abin da ya faru, kowa ya ba da amsa lokacin da ya samu sarari, wani da safe, wani bayan an tashi daga Islamiyya. Ba sai an haɗu a lokaci guda ba, ba ya cin data sosai, kuma mai jin kunya yana da lokacin da zai tsara maganarsa. Muna ganin wannan salon ne zai fi karɓuwa a nan, domin ƙasar ta riga ta jiƙa. Dubi yadda marubuta, akasarinsu mata, ke sakin labaran Hausa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, masu karatu na biye da su suna roƙon kada a kashe wance, a hukunta wane. Taki ɗaya ya rage a ce wa mai karatun: to shigo, ke ce wance, me za ki yi? Ga shi kuma komai na nan a rubuce. Bayan wata uku in kun bi ta kan hirar, za ku tarar kun rubuta littafi ku biyar ba ku sani ba.

Labarin wa za a ba da?

Duniyar D&D ta asali Turai ce ta zamanin da: dogayen ganuwoyin dutse, mayaƙa masu sulke, dusar ƙanƙara. Wanda ya shiga teburin Turawa zai ƙaru da Ingilishi ƙwarai, domin an tilasta masa ya saurara, ya fahimta, ya ba da amsa nan take, abin da littafin nahawu ba ya koyarwa. 'Yan uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru ma haka, domin wasan ya daɗe da kafuwa a Faransa.

Amma babu dokar da ta ce sai labarin Turai. An yi wasanni masu duniyar da aka gina kan Afirka, irin su Nyambe na 2002 da Spears of the Dawn na 2013, sai dai duka biyun Amurkawa ne suka rubuta su. Daga baya Allan Cudicio, wanda ke da jinin Gana da Italiya, ya fito da The Wagadu Chronicles, sunan da ya aro daga tsohuwar daular Gana. Can a Amurka kuma Connor Alexander, ɗan ƙabilar Cherokee, ya gaji da yadda ake nuna mutanensa, ya haɗa marubuta 'yan asalin ƙasar suka yi Coyote & Crow, ya tara sama da dala miliyan ɗaya a Kickstarter a 2021. Ta intanet ya samu masu goyon bayan nasa, ba ta kanti ba.

Mu kuwa kayan labari sun yi mana yawa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tafiya ce ta neman magani daga gari zuwa gari, kowane gari da irin tasa jarrabawar, wato dai tsarin da jagororin wasa ke bi har gobe. Ga ayarin Azbinawa masu ɗauko gishiri daga Bilma, ga mahajjatan da ke tafiya Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan su yi shekaru a hanya, ga 'yan kasuwar Kurmi. Wanda zai jagoranci irin wannan labari dole ya buɗe littafin tarihi. Jagoranmu, wanda a makaranta ba ya ga maciji da darasin tarihi, sai ga shi yana tambayar ta ina fatake ke haye Kwara, kuma kwana nawa ake yi kafin a kai Salaga.

Abin da allo ba ya bayarwa

Kada mu yi muku daɗin baki. A tebur kana ganin fuskar abokinka, ka san ya gaji ko yana son magana. A waya kuwa sai mutum biyu su fara magana tare, su yi shiru tare, su sake farawa tare. Wani yana kan layi amma hankalinsa na TikTok, sai an kira sunansa sau uku. Ga caji, ga data, ga ɗauke wuta ana tsakiyar yaƙi. Tebura masu taswira irin su Roll20 sun fi son kwamfuta da intanet mai ƙarfi, a ƙaramar waya wahala za ku sha. Ku kashe bidiyo, ku tsaya kan murya ko rubutu, kuma kada ku wuce mutum biyar. Jagora ya riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba mai baki zai cinye wasan.

Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne batun baƙi. Akwai dubban tebura a intanet masu neman 'yan wasa, mafi yawansu mutanen kirki ne, amma ba ka san wanda ke bayan allo ba. Dokar Discord ta ce sai mai shekara 13 zuwa sama, mu kuma muna ƙarawa da cewa ɗan sakandare ya fara da waɗanda ya sani ido da ido: 'yan ajinsu, 'yan uwansa, maƙwabta. Tauraronka ne ke da suna a wasa, ba kai ba. Ba a ba da adireshi, ko sunan makaranta, ko hoto, ko lambar asusu. Duk wanda ya ce ku koma gefe ku yi hira ku biyu, ko ya nemi kuɗi, a toshe shi a kuma gaya wa babba. Ku tuna kuma ƙarfe takwas na dare a gabashin Amurka ƙarfe ɗaya ne ko biyu na tsakar dare a nan. Mai zuwa makaranta da safe ba shi da abin yi a wannan teburin.

Ƙwararrun masu wasan suna da al'adar da ta burge mu. Kafin a fara labari sukan yi zama guda na shiri kawai, a yarda da abin da zai shiga da abin da ba zai shiga ba. Wani mai suna John Stavropoulos ya ƙirƙiro dabarar kati mai alamar X: duk wanda wani abu a labarin ya dame shi sai ya taɓa katin, a tsallake wurin ba tare da an tambaye shi dalili ba. A waya sai a tura harafin X kawai. A garuruwanmu, inda wani ɗan wasan wataƙila an taɓa tare motarsu a hanya, ko an sace ɗan uwansa, bai kamata jagora ya kawo 'yan fashi a labari ba sai ya tambaya tukuna.

In Baba ya tambaya

Zai tambaya kuwa, kuma yana da gaskiya. Ko a Amurka, a shekarun 1980 iyaye da wasu majami'u sun tayar da jijiyar wuya kan D&D saboda bokaye da aljanun da ke cikinsa, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Abin da za ku iya nuna wa iyaye shi ne, abin da ke cikin labarin yana hannunku. Ayarinmu ya yi zama shida babu boka babu tsafi, sai ciniki da kogi da amana.

Ɗan lido kuwa, ba a sa kuɗi a wannan wasa, kuma duk ranar da wani ya kawo zancen sa kuɗi, ya zama caca, ku tashi. Duk da haka malamai sun yi magana kan wasa da ɗan lido ko da babu kuɗi, don haka kada ku yi gaban kanku, ku tambayi malaminku. In ya hana, wasan bai mutu ba. Tun 1991 aka fitar da Amber, wasan labari da ba a jefa komai a cikinsa. Ku ma za ku iya: a ba kowa maki goma a farkon zama, in yana son abu mai wuya ya yiwu sai ya kashe daga makinsa, in sun ƙare sai ya dogara da dabara da taimakon abokai. Mun gwada wannan a zamanmu na biyar, gardamar da aka sha kan wa zai kashe makinsa na ƙarshe ta fi ta kowane dare zafi.

Da aka koma makaranta mun dakatar da wasan, domin biyu daga cikinmu na da jarrabawa a gaba. Mun bar ayarin a wani zango kwana biyu kafin Salaga. Goro ya yi tsada, jagaba bai wanke kansa ba tukuna, yarinyar nan kuma ta ga rigar yayanta a jikin wani mai awo. An tsayar da Asabar ta farko bayan an yi hutu, ƙarfe tara na dare, in sabis ya yarda.